Jibin Bappayo

Bappayo bakanike ne a unguwar Jambutu da ke Jimeta, kuma a shekara talatin na farkon aikinsa ba a taɓa jin ya ce wa mai mota a'a ba. In aiki bai yi masa ba, sai ya ce a dawo jibi. Mutanen Jimeta sun san ma'anar jibin Bappayo.

Motar da ta yi masa suna gadonta ya yi daga ubangidansa. Wani Bature malamin makaranta ne ya sa aka kawo gangar jikinta cikin akwati a 1978, ba rufi ba ƙofa. Aka gajarta ƙasan wata tsohuwar mota ƙirar Bitil aka ɗora, aka sa tayoyi masu faɗi. Da rani Bappayo kan shiga da ita yashin Binuwai, inda manyan motoci ke kafewa, ya sayo kifi.

Sati biyu kafin Mubi ta faɗa hannun 'yan tayar da ƙayar baya, a 2014, wasu mutum biyu suka zo garejin da hantsi. Ba su tambayi kuɗi ba. Babban ya tambayi ko tana tafiya inda babu hanya, da nauyin da za ta ɗauka in aka kafa ƙarfe a bayanta. Sannan ya ce irinta shida yake so.

"Ku dawo jibi," in ji Bappayo.

"To, Bappa, jibi." Mutumin ya daɗe yana duban ƙofar gidan da ke jikin garejin.

Philemon mai walda, maƙwabcinsa, ya bari suka tafi tukuna. "Oga, waɗannan ba 'yan garin nan ba ne. Su jibi jibi ne a wurinsu."

In Bappayo ya kai rahoto wurin hukuma, za a fara da tambayar yadda suka san shi. In ya ƙi aikin, sun ga gidansa. Washegari shi da Philemon suka yanyanka motar. Injin ya tafi wani lambu a Mbamoi ban ruwa, gangar jikin ta zama akurkin kaji. Iyalinsa ya tura unguwar Makama wurin ƙanwarsa. Ranar alkawari ya zauna a benci shi kaɗai, da bayanin da ya haddace: mota ta lalace.

Ba su zo ba. Ba su kuma aiko sun ce sun fasa ba.

Yau in aiki bai yi masa ba, a'a yake cewa. Bencin kuwa tun ranar yake fuskantar titi.