Ranar da Na Bar Ɗana a Ƙofar Likita

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da na yi magana da bakina a gaban likita ba.

Ni makitsiya ce. Daga Dala har Goron Dutse, amaryar da ba ta zauna a gabana ba, to kanta bai san kitso ba. Bayan rasuwar maigidana sai kaina ya juye: ba barci, sai surutu ni kaɗai. Aka kai ni asibitin ƙwaƙwalwa, aka ɗora ni a kan magani. Hankali ya dawo, alhamdu lillahi, amma hannuwana suka kama rawa. Ko kibiyar kitso ba na iya riƙewa.

Mai raka ni asibiti ɗana ne na fari. Mu kuwa Fulani ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in ƙaryata shi a gaban baƙo. Kullum sai likita ya dube shi ya ce, "Yaya jikin Inna?" Shi kuma ya ce, "Da sauƙi sosai." Ni dai sai in ɓoye hannuwa cikin mayafi, a sake rubuta maganin.

A wurin jira akwai wata 'yar unguwar Dukawuya, mai karɓar magani irina. Ita da wasu majinyata sun haɗa ƙungiya, har sun sa an yarda mara lafiya ya fara shiga shi kaɗai in yana so. Ran nan ta ga ina shan ruwa yana zubar mini a zane.

"Inna, likita ya san da wannan?"

"Yaron nan yana yi masa bayani."

"Hannunsa ne ke rawa?"

Na ce, "Ke, wa zai saurari mahaukaciya?"

Ta tuntsire da dariya. "Ai mahaukatan ne suka sa aka kawo bencin da kike zaune a kai!"

Da aka kira ni, yaron ya miƙe. Na kau da kai na ce, "Kai, zauna."

"Inna, me za ki ce musu?"

Na shige abina. Wallahi "da sauƙi" har ta zo bakina, na haɗiye ta. Na ɗora hannuwana a kan tebur.

"Ɗan nan, duba. Da waɗannan nake ci."

Likitan ya daɗe yana kallo. "Me ya sa ba a faɗa mini ba?"

"Ba a tambaye ni ba."

A hankali ya sauya mini maganin. Rawar ba ta tafi duka ba, ƙananan kitso sun fi ƙarfina, amma shuku har gobe ina yarfa shi. Yaron kuwa da ya ji, sai hawaye. Ashe shi tsufa ya ɗauka.

Kunya ado ce, ban ce a yar ba. Amma na gane duk son da ake maka, ba mai jin ciwon da ke jikinka. In ka yi shiru, da bakin wani za a yi maka magani.