Dokin Ƙofar Ɗakin Baba

Mahaifina magini ne. Ya fi shekara talatin yana yi wa En'e, wato hukumar gargajiya, gini a ƙasar Rano, daga ɗakin shan magani har barikin da Turawa ke sauka in sun zo rangadi. Gab da samun mulkin kai aka ce ya tsufa, ya je ya huta. Ya karɓi takardar sallama, ya soke ta a jikin azara, washegari da sassafe ya hau jakinsa ya nufi Kibiya, wai soron wani mai goro yana yoyo.

Ni kuwa a lokacin duba-gari ne a Kano, ina fama da kaki mai sitati, ina ji da kaina. Aikina in shiga gidan mutane in leƙa randa, in kafa doka, in fita. Na saba in faɗa a yi, wannan halin kuma shi na kwaso na kawo gidan ubana.

Da bazara na zo hutu. Na yi sallama, Baba ya amsa yana kallon gefen kafaɗata. Yanar ido ta rufe masa gani, da murya ya gane ni. Inna ta ja ni bayan rumbu ta ce har yanzu hawa soro yake yi, yana lalube yaɓe da tafin hannu, in ya ji tsaga ya cike. Ta ce duk ranar da ya fita da tsani ba ta iya cin tuwo sai ya dawo.  Na ga ubana a zuci yana faɗowa daga kan soron wani, na rantse ba zai faɗi ina raye ba.

Ranar kasuwar Kibiya ya tafi, ni kuma na tuɓe riga. Tsanin na fara aikawa ƙauyen Lausu wurin kawuna. Na rufe bakin rijiya da katako, na kawar da turmi daga hanyar banɗaki, na cike ramukan tsakar gida. Sannan na zo kan dokin ƙofar ɗakinsa. Shi ya gina abinsa tun kafin a haife ni, ya yi masa tudu sosai don kada ruwan damina ya shiga. Baba ba ya ƙetare shi, takawa yake yi, duk da mitar Inna cewa babu kyau. Tsakiyarsa har ta lotsa daidai tafin ƙafarsa. Na ga wannan lotsawar da idona, ban fahimci komai ba, abin tuntuɓe kawai na gani. Na sa diga na fasa shi, na daɓe wurin ya yi sumul.

Da ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa yana shafa ƙasa da yatsun ƙafa.

"Wa ya yi mini gini a gida?"

"Ni ne, Baba. Don kada ka yi tuntuɓe."

"Shekara arba'in muna tare da shi. Ya taɓa kai maka ƙarata?"

Na yi ta zuba bayani irin na ofis. Ya saurara har na gama, ya ce, "To, Malam duba-gari, an gode." Bai tambayi tsanin ba, ko da yake na ga ya lalubi bangon da yake jingine shi.

Kwana na uku aka kira la'asar, ya fito da buta a hannu. Ina zaune a gindin darbejiya ina kallonsa. Ya ɗaga ƙafa kamar yadda ya saba, ya saki nauyinsa duka a kan abin da babu. Ƙarar butar na fara ji. Mutumin da ya yi rayuwarsa a kan soraye bai taɓa gocewa ba, ga shi kwance a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ƙugunsa ya karye.

Maɗori ya zo ya yi iya yinsa, ƙashin tsoho bai kama ba. Na durƙusa ina kuka ina neman gafara. Ya dafa kaina ya ce, "Ai ka gaya mini, na kuma ji. Ƙafar ce ba wanda ya gaya mata."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Hadarin farko ya haɗo bayan mako biyu, ya ce a kwaɓa masa ƙasa, a ɗauko shi a ajiye a bakin ƙofa. Na ce bari in yi. Ya ce ni ban san tsayin dokin ƙofar ba, ruwa zai shiga ya jiƙa wa Inna tabarmi. Yana kishingiɗe, gumi na zuba saboda ciwo, ya jera tubali, ya yaɓe, ya shafe da tafin hannu. Ni ina miƙa masa ƙasa. Da ya gama ya danna hannunsa a tsakiya ya ɗan lotsa wurin, ya ce saboda ranar da zai tashi.

Bai tashi ba. Kafin kaka ya rasu. Mu huɗu muka ɗauko shi daga ɗakin, ina riƙe da wajen kai. Da muka zo ƙofa kowa ya ƙetare, ni ma na ɗaga ƙafa na ƙetare, ban iya taka wurin ba.