Ranar da Mijina Ya Ja Motar Babana

Da na haifi ɗana na fari, gida na koma wanka. Mijina na bar shi a ɗakinmu na haya a unguwar Hashimi, nan Suleja, shi da sabuwar motarsa. Motar ta riga jaririn zuwa da kaɗan, kuma in gaskiya za a faɗa, ta fi ni shan wanka. A-kori-kura ce fara sol, amma in ka kira ta haka a gabansa sai ya haɗe rai, ya ce sunanta fikof. Bakano ne. Aiki ya kawo shi Abuja, tsadar haya ta koro shi Suleja, ni kuma na tsince shi.

Baba bai taɓa cewa ba ya son sa ba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, irin waɗanda ƙinsu a gyaran murya yake. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mutum yana gidan haya ya sayi mota mai buɗaɗɗen baya, alhali ba gona gare shi ba, ba shago ba. Inna ce ta raɗa mini cewa Baba ya ce ko na yi arba'in ba inda zan je, sai ya ga hankalin yaron nan da idonsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ina son iyayena, amma na gaji da kunun kanwa, na gaji da tsawar Goggo, ƙanwar Baba mai yi mini wanka, kuma ina kewar ɗakina da mijina, ba zan ɓoye ba.

To ta ina Baba zai ga hankalin nasa? Tun da aka ɗaura mana aure maganarsu ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Mijina ya durƙusa yana kallon takalminsa, Baba ya amsa yana kallon bango, a tashi kowa ya gamsu an yi surukuta.

Wankan jego itace yake ci, kuma miji ke kawowa. Da na farko ya kusa ƙarewa, mijina ya aiko cewa ranar Asabar zai je gaban Sabon Wuse, inda matan ƙauye ke jera itace a bakin titi, ya ciko motarsa. Na san ba itacen ne ya dame shi ba, so yake Baba ya ga amfanin motar. Baba kuwa ya ce wa Inna, ɗan Abuja ina ya san kirya, ina ya san ɗanyen itace? Hayaƙi za su sayar masa. Don haka shi ma Baba zai je. Amma ba a mota ɗaya ba, don suruki da suruki ba sa zama kafaɗa na gugar kafaɗa. Ya tayar da tasa, tsohuwar mota da ta girme ni, ya bi bayansa.

Sun sayi itacen lafiya, Baba na nunawa da sanda, mijina na biya. A hanyar dawowa, suna baro Sabon Wuse kaɗan, motar Baba ta yi tari ta mutu. A wurin mijina kuwa abin nema ya samu, matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo. Tun ranar da ya sayi motar nan yake cika mini kunne cewa ko tirela ce za ta ja. Ya kwance ragowar igiyar da aka ɗaure itace, ya ƙulla motar Baba a bayan tasa. Baba ya shiga ya kama sitiyari, shi ma ya shiga.

Daga baya mijina ya ba ni labarin abin da ya faru a cikin motar. Ya duba madubin ciki, itace ya tare. Ya duba na gefe, sai ga idon Baba tsaf a ciki, yana kallon hanya. Ya ce bai taɓa sanin kalar idon Baba ba sai ranar. Ya sa hannu ya naɗe madubin. Ya miƙa ya naɗe ɗayan ma, kada tsautsayi ya sa. Sannan ya ja mota a hankali, yana jin daɗin yadda ko nauyi ba ta ji.

Bayan la'asar na ji ƙarar mota a ƙofar gida. Na saci jiki na leƙa ta zaure, ko da yake Goggo ta hana ni fita. Ga a-kori-kura ta sha itace har sama, ga igiya a bayanta tana jan ƙasa, ba komai a ƙarshenta. Mijina ya fito, ya gyara hula, ya zagaya baya kansa a sunkuye, ya durƙusa.

"Sannu da hanya, Baba. Allah ya ƙara girma."

Shiru. Ya ƙara sunkuyar da kai, a zatonsa fushi ne.

"A yi haƙuri da gosulo, Baba."

Goggo ce ta ture ni ta fito, hannunta riƙe da ganyen wanka. "Kai ɗan nan, igiya kake gaisarwa? Ina ka yar mini da yaya?"

Ya ɗaga kai. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ya fi yawa, don a take na ga har yaye ina gidan Baba. Ya ce, "Innalillahi! Wallahi Goggo yanzu yana nan, ai ko birki ban taka da ƙarfi ba!"

"Yanzu yaushe? Ka gan shi?"

Ya ce bai duba ba.

Ba a tsaya sauke itace ba. Goggo ta yar da ganye, ta yafa mayafi, ta shige gaban mota, ta buɗe madubin gefenta da kanta. Suka kama hanyar Kaduna suna dube-dube. Can kusa da inda aka ɗaura igiyar suka same shi, a gindin wani ɗan hawa, motar a gefen titi. Yana zaune a ciki, hannu biyu a kan sitiyari, kamar mai jiran a ba shi hannu. Ga waya a aljihunsa.

Goggo ta ce, "Yaya, da ka ga igiya ta kwance me ya hana ka danna hon?"

Ya ce, "Ni in yi wa surukina hon a kan titi? Kamar wani ɗan tasha?"

"To waya fa?"

"In ce masa me? Ka manta ni?"

Aka sake ɗaura igiyar. A dawowa Goggo ta fitar da kai ta taga, tana kallon baya tana ba da rahoto, ta ce tun da Allah ya haɗa ta da mutum biyu masu ido ba sa amfani da shi. Mijina ya sauke itace shi kaɗai, ya ƙi shan ko ruwa, ya tafi ba tare da ya nemi ganin jariri ba. Ni kuwa na shige ɗaki na yi kukana. Na riga na yanke cewa magana ta ƙare.

Bayan magariba Baba ya zauna a tabarmarsa a tsakar gida, Inna ta kawo masa tuwo. Ya yi gyaran murya, na kasa kunne ta taga.

"Yarinyar nan ta fara shiri. Tana yin arba'in a mayar da ita ɗakinta."

Inna ta ajiye kwanon miya. "Malam, bayan ya watsar da kai a titi kamar buhun da ya faɗo?"

"Ke ba ki san mutane ba," in ji Baba. "Tun daga Sabon Wuse har ƙofar gidan nan yaron nan bai ɗaga ido ya dube ni ba, ko a madubi. A wannan zamani ina za ki sami irinsa?"

Goggo ta buɗe baki za ta yi magana. Na fito da gudu, ban ko ɗaura ɗankwali ba, na kama hannunta na ce ruwan wanka ya tafasa.