Taragona a gindin bokiti

Ƙanena da ke aiki a Turai ya aiko mini da kwalin wasu 'yan ƙarafa farare, waɗanda in an harhaɗa su za su zama taragon jirgin ƙasa mai tsawon tafin hannu. Na yi ta fama da gam, in manna nan, can ya ɓalle. Da na gaji, sai na kwashe su na kai wa wani dattijo mai liƙin bokiti a kasuwar Jega.

Na ce, "Baba, don Allah a bi shi a hankali."

Ya ce, "Haba Malam, wanga ɗan abu?"

Ya zaro ƙarfen liƙinsa daga garwashi ya ɗora. Ashe ƙarafan nan sun fi dalma saurin narkewa. Ina tsaye ina kallo jikin taragon ya lanƙwashe, tagogin suka shafe, ya dunƙule ya zama ɗan curi. Raina ya ɓaci, amma wa zan yi wa faɗa? Tsoho sa'an mahaifina?

Ya yi ta ba ni haƙuri. Sannan ya ce kada curin ya tafi a banza, ya toshe hujin bokitin wani manomin albasa daga Aliero da shi. Na bi bokitin da ido har aka ɗaure shi a bayan babur. Iyakar tafiyar da taragona ya taɓa yi ke nan.