Acar Ɗinki Ya Cika Gishiri, Jubeda

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, 14 ga Oktoba, ina tsaye gaban allo mijinki Malam Sharafat ya bugo mini waya. Ba na ɗaukar waya a aji, amma ranar na ɗauka. Ya ce Allah Ya karɓi ran Jubeda Khatun a asibitin garinmu Labasa, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda, tana da shekara hamsin da biyu. An kai ki makwancinki bayan la'asar. Maza sun dawo suna cewa motocin rake da ke layin shiga masana'antar sukari sai da suka kauce wa jama'a, har wani direba ya sauko ya bi sahu ba tare da ya kashe mota ba.

Mutane da yawa sun yi rubutu a kanki. Kamfanin da kika yi wa aikin tsaron kwamfuta a birnin Brisbane na Ostareliya ya aiko da takarda mai kyau, yana kiranki tasu. Na karanta, na yaba, na kuma ji haushi. Su da suka san ki da takalmi da jakar ofis, ina suka san ki da kitso biyu da man kwakwa yana bin wuyanki? Ni na san ki tun aji ɗaya na firamare, benci ɗaya muka zauna, kuma tun daga ranar nake kishinki. Ba asiri ba ne, duk garin nan an sani, ke ma kin sani, kina ma jin daɗinsa. Kowace jarrabawa ke ce ta ɗaya ni ce ta biyu. Muka tafi jami'a a Suva, babban birnin ƙasarmu, aka ba ki gurbin ƙarin karatu a Ostareliya, ni aka ba ni alli. Na dawo gida ina koyar da yara kwamfuta, na ce to, ko ba komai Labasa tawa ce. Sai ga ki kin ajiye wancan babban aiki kin dawo jinyar mahaifinki, kika ƙwace garin ma.

Kafin in ci gaba da yabonki, bari in faɗi abin da kika bar mini, don shi ya hana ni yin kukanki yadda ya kamata. A ziyarata ta ƙarshe asibiti kika sa aka ba mu wuri, kika ce akwai wata a cikin ɗaliban makarantarmu da wani ya yaudara a intanet ya karɓi hotunanta, yanzu yana barazanar watsa su. Kin fara aikin, ba ki gama ba, yarinyar kuma ta ce ba za ta zauna jarrabawar ƙarshe ba, gara ta ɓace. Zan riƙa cewa “ita”, amma kada kowa ya dogara da hakan. Na ce ki faɗa mini sunanta.

Kika ce, “Sabnam, ba nawa ba ne balle in ba ki.”

Na ce, “To ki tashi ki ƙarasa aikinki mana, tunda ke kaɗai ce mai riƙon amana a tsibirin nan.”

Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, kika ce, “Ji ta! Ana mutuwa tana kishi.”

Haka muka rabu. Na fito da nauyin yarinyar da ban san fuskarta ba, alhali kullum tana wucewa ta gabana.

Aikinki na fili kowa ya gan shi. Ke kika tsare kwamfutocin ƙungiyar manoman rake, da na makarantu, da na kantunan bakin kasuwa, har da tsohuwar kwamfutar ofishin masallaci. Ke kika tilasta wa kowa ya ajiye kwafin bayanansa a wuri na biyu, ana ta ƙorafin ɓata lokaci, har ranar da ambaliya ta shiga ofishin manoman ta cinye komai, washegari kika dawo musu da sunan kowane manomi da gonarsa. Amma babban yaƙinki da 786 kika yi shi. Lambar nan da iyayenmu ke rubutawa a saman wasiƙa a madadin Bismillah, ita ce kalmar sirrin rabin Musulmin garin nan: sunan mutum, sai 786. Wayar liman haka, asusun bankin mai kanti haka, kwamfutar shugaban makarantarmu haka. A taron iyaye kika roƙi Baba Ramzan, tsohon manomin nan mai yawan gardama, ya ara miki wayarsa, kika buɗe ta a gwajin farko. Ya miƙe yana cewa ai lambar albarka ce, ɓarawo bai isa ba.

Kika ce, “Baba, Bismillah a bakinka take, ba wanda zai raba ka da ita. Amma da ka gama addu'ar kwanciya ai kana sa sakata, ko?”

Ya ce, “'Yar nan, ubanki ma bai fi ni baki ba.” Ya zauna, ya miƙo wayar a canza.

Shekara da shekaru ina faɗin wannan magana a aji da zane a allo, ba wanda ya canza ko harafi. Ke kika faɗa sau ɗaya da sakata, gari ya ɗauka. Ka ji rabo.

Sau ɗaya tak na yi galaba a kanki. Kin tura wa malaman makarantarmu saƙon tarko don gwaji, wai an ba malamai tikitin jirgi kyauta zuwa Auckland, birnin nan na ƙetare mai sanyi, a latsa nan a sa kalmar sirri. Kowa ya latsa, har mai koyar da lissafi ya fara tambayar kuɗin rigar sanyi. Ni kaɗai na ƙi. Na shigo ɗakin malamai ina taku ɗai-ɗai, ina jiran yabo. Kika ce ba wayo ba ne, kawai Sabnam ba ta taɓa yarda wani zai ba ta abu kyauta ba. Ko wannan ba ki bar mini ba.

Sai maganar acar. Duk gidan da ke garin nan ana tsuma ɗanyen mangwaro da gishiri da mai da yaji, kuma ba yabon kai ba, nawa ba shi da na biyu. Naki kuwa, Allah Ya ji ƙanki, gishiri ne da ɗan mangwaro a ciki. Amma ke ce kika jera kwalabe a barandar baya kina sayarwa, kuma naki ake saye. Liman ya saya, sajan ɗin 'yan sanda ya saya, maƙwabtanmu na ƙauyukan bakin teku in sun kawo rogo da kifi kasuwa sai sun biya ta gidanki. Wanda bai saya ba kin bi shi da kwalba har gida. Ɗalibaina da kansu na sha ganinsu da kwalbar a jaka, in na yi magana su ce aike ne. Wannan ya ci mini rai fiye da tafiyarki Ostareliya.

Sai a zaman makoki na fahimta, kuma iyalinki sun yarda in faɗa. A gari irin namu, inda kowa ɗan uwan kowa ne, wanda aka gani yana shiga ofishin mai gyaran matsalar waya, kafin ya fito an gama yanke masa hukunci a kasuwa. Saboda haka kika sa kowa da kowa ya zama mai sayen acar, don kada kwalba a hannun mutum ta nuna komai. Cikin masu zuwa goma, tara acar ɗin suka zo saye bisa tilas. Na goman shi ne dattijon da aka kira a waya aka kwaikwayi muryar ɗansa na Auckland aka wawushe shi, yana jin kunyar ɗan ya sani. Ko matar da tsohon miji ke bin sawunta ta waya. Ko yaron da ya latsa abin da bai kamata ba a kwamfutar babansa. 'Yarki Tasnim ta ce ba kya tambayar mutum me ya kai shi. Ki ce ya kifa wayar a ƙarƙashin kwano, ki tura masa faranti cike da ɗanyen wake ya taya ki ɓara. Hannu na aiki, ido na kan faranti, ba wanda ke kallon wani. Kafin wake ya ƙare magana ta fito.

Mata suna ta ba da wannan labari ƙasa-ƙasa a tsakar gidanki, kowace da nata, ni ina raba shayi da gurasar roti ina jin kamar baƙuwa. Ni da nake taƙamar na fi kowa saninki, ashe akwai Jubeda guda da ba a nuna mini ba. Na yi kishin matan nan. Na yi kishin yaran da na koya wa karatu da hannuna, suka tsallake ƙofata suka kai miki kukansu. Ina son yaran nan, Allah Ya sani, kuma ba abin da kika faɗa musu wanda ba ya cikin darasina. Amma ni in yaro ya fara magana, kafin ya kai tsakiya na riga na jero masa shawara bakwai.

Ga jarrabawa ta matso, ga barandarki a rufe, ga yarinya tana yawo da wuta a aljihu. Ba zan iya tara ɗalibai in ce mai matsala ta ɗaga hannu ba. Sai na ari dabararki. Na shaida wa shugaban makaranta cewa kowane ɗan ajin ƙarshe, mace da namiji, zai zo ofishina shi kaɗai mu tattauna shirin jarrabawa, ba zaɓe. Na sayo wake kwando guda. Shugaban ya leƙo ya ga faranti a kan teburin, ya ce, “Malama, kicin aka mayar mana da ofis?” Na ce wata sabuwar hanyar koyarwa ce daga waje. Ya gyaɗa kai ya wuce.

Abu mafi wuya da na taɓa yi a aikin koyarwa shi ne rufe bakina. Suka yi ta zuwa ɗaya bayan ɗaya. Na ji labarin tsoron lissafi, da na uban da ke son a bar karatu a kama yankan rake, da na soyayya iri-iri. Na gano cewa da yawansu iyayensu da ƙannensu duk waya ɗaya suke amfani da ita, ba makulli. Muka gyara abin da ya gyaru. Layi ya ƙare, wadda nake nema ba ta ce komai ba. Na koma gida na zauna ina yi miki faɗa a zuci, na ce kin ga abin da taurin kanki ya jawo.

Ranar Juma'a an tashi, ina haɗa takarduna, aka ƙwanƙwasa. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Malama, waken nan ya ƙare ne?” Na ce akwai saura. Ta shigo, ba tare da an umarce ta ba, ta kifa wayarta a kan tebur ta jawo faranti. Ta ba ni izinin faɗin wannan kaɗai: wai kin ce mata in ba kya nan ta zo wurina. Ta ce miki ai Malama Sabnam faɗa za ta yi. Kika ce, “Za ta yi, ba ta iya bari. Amma sai an gama, kuma wanda ya cuce ki zai sha mafi yawa.”

Wato kin ba ta sunana, ni kika hana ni nata. Na juya baya kamar ina neman wani abu a kabad har idona ya bushe.

Na tarar kin riga kin yi mai wuyar. Kin hana ta biyan ko sisi, kin hana ta amsa masa, kin sa ta adana saƙonnin a matsayin shaida maimakon gogewa, kin sa wa asusunta makulli biyu. Abin da ya rage shi ne wanda take tsoro: sanar da mahaifiyarta da kai ƙara. Mun yi duka biyun tare. Uwar ta yi kuka, sannan ta rungume 'yarta. Ba zan ce magana ta mutu ba, tana hannun hukuma. Amma yarinyar tana zuwa makaranta, ta karɓi lambar zaman jarrabawarta, kuma jiya na kama ta tana surutu a aji na yi mata tsawa kamar kowa.

Ga duk wani yaro ko yarinya da ke karanta wannan yana ɗauke da irin wannan kaya: kada ka biya, kada ka goge, kada ka zauna da shi kai kaɗai. Wanda ya yaudare ka shi ne mai laifi. Ofishina yana inda ka san shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Sharafat, wanda ya ci acar ɗin nan shekara da shekaru bai taɓa ƙorafi ba. Ga 'ya'yanki Zubair da Tasnim. Ga mahaifiyarki Hajiya Kulsum, wadda ta binne miji yanzu kuma ta ga tafiyar 'ya. Ga 'yan uwa na nan da na ƙetare, da duk wanda ya taɓa zama a barandar nan. Allah Ya ba mu haƙuri mai kyau.

Ya Allah, baiwarKa Jubeda ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, Ka haɗa ta da salihan bayinKa a Aljannar Firdausi. Ta rufa asirin bayinKa a duniya, manya da yara, ba ta ba ko aminiyarta suna ɗaya ba. Ya Allah, Ka rufa mata nata ranar da asirai za su tonu. Amin.

Sabnam Nisha, Labasa