Yatsu Huɗu da Na Rage a Tanki

Karatun bokona aji uku ne, biyu daga ciki ma ta taga na yi su. Amma awo gadonsa na yi. Mahaifina kananzir yake sayarwa a Ƙofar Galadima ta Zariya, zai tsoma kara a garwa ya faɗa maka kwalba nawa ta rage. Da wannan gadon na samu aikin zuba wa ƙananan jirage mai, a wani kamfani mai feshin tsuntsayen jan-baki. Kullum da sassafe nake fitowa daga cikin birni a kan keke, da sandar gorata da na tsattsaga, ta auna tanki.

Wajen farkon shekarun casa'in aka kawo wata na'ura kamar ƙaramar rediyo, aka liƙa gaban matuƙi. Wai da taurarin ɗan'adam take magana: tana faɗin inda jirgi yake, da lokacin isa, har da man da zai rage. Manaja ya ce sandata ta tsufa, in wata ya ƙare a mai da ni yankan ciyawar filin. Ni da 'ya'ya bakwai, ga baya ya soma ciwo.

Kyaftin ɗinmu, wani saurayi ɗan Wusasa, ya ji tausayina, ya ce kafin in koma lauje bari in ɗanɗana sama. Za shi duba fadamun da tsuntsaye ke kwana ta wajen Gusau, ya dawo ba tare da sauka ba. Ya tambaye ni ko an cika tanki, na ce an cika. Na shiga, na kama carbi, na karanta duk abin da na sani har da wanda ban iya ba.

A hanyar dawowa iska ta tare mu ta gaba. Duk da haka Kyaftin ya ce zai ratse ya duba fadama ɗaya, tunda na'ura ta nuna za mu sauka Zariya da man minti arba'in da biyar. Don in manta da tsoro na tambaye shi ta ina take leƙa tanki. Ya yi dariya ya ce ba ta leƙawa, abin da ya danna mata take lissafi da shi, shi kuwa ya danna cewa tanki cike yake.

Nan na tuna ƙaryar da na yi masa. Ni ban taɓa cika tanki har baki ba, don zafin rana kan kumbura mai ya zube. Yatsu biyu nake ragewa a tankin kowane fiffike, kamar yadda tsohona ke yi wa garwa, ban kuma taɓa gaya wa kowa ba. In na faɗa, ko ciyawar ba lallai a bar mini ba. In na yi shiru, wataƙila mu kwana a gonar dawa.

Na ce, "Kyaftin, akwatin nan naka ni na yi masa ƙarya."

Ya juyo ya dube ni. "Nawa, Baba?"

Na ɗaga yatsu huɗu, na ce a sandata tsaga ɗaya da rabi ke nan, tafiyar rabin awa. Bai zage ni ba. Ya danna sabon lissafi, arba'in da biyar ta koma sha biyar. Ya bar fadamar, ya sassauta inji, ya miƙe Zariya. Ban taɓa ƙaunar ganuwar garinmu kamar ranar da na hango ta daga sama ba.

Da muka sauka Kyaftin ya kira manaja, ya sa na nuna tsagar da mai zai tsaya kafin in tsoma sanda. Na ɗora farce. Na tsoma, na zaro, danshin ya tsaya daidai kan farcena. Manaja ya juya sandar gaba da baya kamar mai neman layar da na ɓoye.

Na sha faɗa kan yatsun nan, na kuwa cancanta. Amma daga ranar aka kafa doka: ba mai danna wa na'ura lamba sai Baba ya tsoma sanda. Ciyawa aka ba wani.

A zaurenmu na cikin birni kuwa, in an tambaye ni labarin na'urar, cewa nake an kawo ɗaliba daga ƙasar Turawa, ni nake biya mata karatu kowace safiya.