Na ce na bar nama, matata ta tambaye ni wanne

Da tokar coci a goshina na shigo gida ran Laraba, na kafe babur, na sanar da iyali cewa azumin kwana arba'in ɗin nan na bar cin nama har Ista.

Matata Hannatu tana tankaɗen gero, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wane naman, Baban Rahila? Tun Kirsimeti tukunyag ga ba ta ga ko ƙashi ba. Allah za ka ba abin da ba ka da shi?"

Na ce to mi zan bari?

"Abin da kake da shi buhu-buhu. Faɗa. Yaran ga da sun ji ƙarar babur ɗinka kowa ke neman lungu."

Na waiwaya. Rahila tana leƙena daga bayan rumbu.

Jiya akuya ta shige min lambun albasa a Dogarawa, yaran ne suka bar ƙofa buɗe. Na cika na batse, na haɗiye, har da ɗan murmushi. Rahila ta matso ta taɓa goshina, wai ko zazzaɓi nake.

Jama'a, ku da kuka bar nama kun huta. Akwai wanda ya taɓa azumin baki ya kai Ista lafiya?